Dala biyar ta kakanka: yadda rayuwa take a Maraɗin da

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, shekarata ashirin da biyu, a unguwar Zariya nake zaune. Kakana ba ya rabuwa da cewa a zamaninsu mutum in yana da dala biyar a aljihu sai ya ci ya ƙoshi har ya yi kyauta, wai ba a san tsadar rayuwa ba sai a namu zamani. Ina son in san gaskiyar wannan magana. Da gaske ne rayuwa ta fi araha a Maraɗin da? Kuma tun da babu wayar hannu babu intanet, ta ina labari yake iso muku, da me kuke nishaɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka saurari kakanka har maganarsa ta zauna maka a rai. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko ƙananan kuɗin da tsofaffi ke ambata suna nufin an fi jin daɗi a lokacin, sai kuma yadda gari yake samun labari da abin ɗebe kewa kafin waɗannan na'urori su zo. An haife ni a garin nan a farkon shekarun 1950. Ina yaro na riƙe wa mahaifina littafin awo a lokacin cinikin gujiya, daga baya kuma na yi shekaru masu yawa ina zagaya kasuwannin jihar nan da takarda da alƙalami ina rubuta farashin hatsi mako-mako, don haka magana ce da na daɗe ina juya ta.

Kakanka bai yi ƙarya ba. Dala biyar ta taɓa zama kuɗin da ake ƙullewa a bakin zane. Abin da ya rage bai faɗa maka ba shi ne yadda ake wahala kafin dala biyar ɗin ta shigo hannu, da kuma shekarar da yake nufi, domin abin da muke dunƙulewa mu kira "zamanin da" zamani ne daban-daban, wani na yalwa, wani na yunwar da har yau tsofaffi ba sa son tuna ta.

Kuɗin da kansu

Kafin Turawa, da wuri ake ciniki, shi ya sa har gobe muke cewa "kuɗi", wanda asalinsa jam'in wuri ne. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya ratsa ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500 a Kano. Da Faransawa suka kawo nasu kuɗi, sai sunan dala ya koma kan ƙwandalar tamma biyar, muka ci gaba da ƙirga da ita: dala ashirin tamma ɗari ke nan, dala ɗari biyu kuma jikka guda. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, kuma daga 1960 har zuwa farkon 1994 ƙimarta ba ta motsa ba a gaban kuɗin Faransa, tamma hamsin ta sefa a kan tamma guda ta can. Wannan tsayuwa ta shekara talatin da huɗu tana cikin dalilan da suka sa tsofaffi ke jin kamar farashi a da kafe yake. Sai dai mutumin Maraɗi bai taɓa rayuwa da kuɗi iri guda ba. Ɗan Isa na nan kusa, Jibiya na bayanta, Katsina ba ta kai tafiyar kilomita ɗari ba, saboda haka fam da sule da kwabo suna yawo a kasuwarmu kamar a gidansu, har ranar 1 ga Janairu 1973 da Najeriya ta koma naira, fam guda ya zama naira biyu. In tsoho ya ce maka ya sayi riga a sule kaza, ka tambaye shi a wane gefen iyaka ya saya.

Zamanin gujiya

Garin da kake gani a kan tudu sabo ne. Tsohon Maraɗi, wanda Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa, a cikin fadamar gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka yanka unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Shekara guda bayan haka, a 1946, aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Daga nan har zuwa ƙarshen shekarun 1960 gujiya ce ke juya garin, ita ce kuma ke kawo wa Nijar fiye da rabin abin da take samu daga sayar da kaya waje.

Ina ganin filin awo a idona har yanzu. Da an shiga kaka, manoma za su fara kwararowa tun da asuba da jakuna da raƙuma, mata da ƙwarya a ka, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Ana rataye sikeli a jikin itace uku da aka haɗa kawunansu, mai awo yana kiran lamba, ni ina zaune a kan buhu ina rubutawa, mahaifina yana ƙirga kuɗi daga cikin akwatin ƙarfe da ya danne da ƙafa. Kuɗin nan ba nasa ba ne. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, da wasu 'yan kasuwa Kwarori, su ne ke ba manyan dillalai jari, su kuma su rarraba wa ƙanana irin mahaifina, kowa yana cin ɗan kamashonsa. Da yawa daga cikin alhazan Maraɗi na farko ta wannan tsani suka hau. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta karɓe fitar da gujiya waje, ita ke yanka farashi kafin a buɗe ciniki, kuma a mafi yawan shekarun 1960 kilon ɓararriyar gujiya yana yawo ne a wajejen dala huɗu. Wani kaso ana matse shi a nan gida a masana'antar mai ta Siconiger, sauran a ɗora a manyan motoci zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai Legas.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Manomin da ya kawo kilo ɗari biyar, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga mai noma da hauya, zai tashi da abin da bai fi jikka goma ba, kuma sau da yawa wannan ne kuɗin da zai gani a dunƙule har shekara ta zagayo. Kafin ya bar filin, lanho na jiransa. Da gangan ne aka sa lokacin karɓar lanho ya dace da lokacin awo: kuɗin kai ne da ake biya wa kowane baligi a gida, ga jangali a kan dabbobi, kuma wanda ya kasa biya yana iya kwana a ƙofar mai gari ko ya ga an kama akuyarsa an kai kasuwa. Na sha ganin dattijo ya karɓi kuɗinsa, ya koma gefe ya tsuguna, ya rarraba su kashi-kashi a kan ƙasa: na lanho, na bashin da ya ci da damina, na turmin atamfar uwargida, na gishiri da kananzir. In ya rage da dala biyar bayan wannan rabo, lallai zai ci tuwo da nama a kasuwa ya sayi goro ya yi kyauta, kamar yadda kakanka ya ce, amma ba kowace rana ce irin wannan ba.

Abin da ya sa aka iya rayuwa da kuɗi kaɗan haka shi ne yawancin abin da gida ke buƙata ba ya bi ta kasuwa. Hatsi na rumbu, itace na daji, ruwa na rijiya, mai da ƙuliƙuli mata ke yi a gida, nono kuwa sau da yawa musaya ake yi da Fulani a ba su hatsi ko dusa. Ɗaki da laka ake gina shi, a kira gayya a yi fura a gama. Kakata tana kaɗi da mazari har ta tara zaren da za a kai wa masaƙi. Kuɗi na shiga ne wajen gishirin Bilma da ayarin Buzaye ke kawowa, da kanwa, da goro, da ashana, da sukari, da sutura, da hidimar aure. Ko auren ma a gabanmu ya yi nauyi: iyayenmu mata da ƙorai da tabarmi aka yi musu jere, 'yan'uwanmu mata aka koma kwanonin sha masu fure da gadon ƙarfe, kowane sabon yayi kuma da kuɗinsa yake zuwa. Kai a yau kana biyan wuta da famfo da katin waya da man babur da kuɗin lakwal da magani da haya, abubuwan da rabinsu ba su cikin lissafin kakanka ko kaɗan.

Daga fari zuwa kuɗin yuraniyom da naira

Tun daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, abin ya kai maƙura a 1973. Dabbobin arewa suka mutu, makiyaya daga wajejen Dakoro da gaba da nan suka gangaro gari ba su da komai sai sanda, wanda ya mallaki garke ya koma yana neman abin da zai ba 'ya'yansa. A irin wannan shekara saniya tana iya faɗuwa ƙasa da kuɗin buhun hatsi, don haka in wani ya ce maka nama ya yi araha a lokacin, gaskiya ya faɗa, sai dai arahar masifa ce. Tsofaffinmu na lokacin suna kwatanta ta da Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 da suka ji daga bakin iyayensu. Fushin yadda aka tafiyar da taimakon abinci na cikin abin da ya share wa sojoji hanya, Seyni Kountche ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974. Shekara guda bayan haka, a 1975, cuta ta faɗa wa gujiya ta lalata amfanin, manoma suka juya ga hatsi da wake, filayen awo suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Amma garin bai mutu ba, kuma ina kyautata zaton shekarun da suka biyo baya su ne kakanka ya fi tunawa. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka ƙara da ta Akuta a 1978, farashinsa ya hau a duniya, gwamnati ta sami kuɗin gina hanyoyi da makarantu da ɗaukar ma'aikata, aka kuma sauke wa talaka nauyin lanho irin na da. A daidai wannan lokaci Najeriya na cikin arzikin man fetur. Alhazan Maraɗi suka gano cewa abin da Najeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsawwala masa haraji, kamar taba sigari da atamfa, ana iya sauke shi a Kwatano ko Lome, a kawo shi nan, ya tsallaka ta kudu. Daga can kuma mai da takin zamani da kayan masarufi masu rangwamen gwamnatin Najeriya suna shigo mana da araha. Ga shanu da wake suna tafiya, naira mai ƙarfi tana dawowa. A farkon shekarun 1980 naira guda ta fi dala ashirin nesa ba kusa ba, yau kuwa ba ta kai tamma guda ba. Saurayin da ya tafi cin rani Kano ko Legas yana dawowa da keke da rediyo da agogo, ya yi aure a shekarar. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen dubu 45 a cikin garin, ta 1988 ta sami dubu 110, ta 2012 kuma ta haura dubu 260. Wannan ma ka sa shi a lissafi, domin gonakin da ke ciyar da gari a da su ne unguwannin da kuke zaune a kai yanzu, har da taku.

Shekara biyu da suka karya lissafi

A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canza launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canza tsofaffin kuɗinsu a bankunan can. Ka tuna cewa a Maraɗi akwai masu ajiye dukiyarsu da naira a cikin akwati da buhu. Na san gidajen da aka kwana da arziki aka tashi da takardun da ba su sayen ko ashana. Damina ta zo ta ƙi, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu in an sami gibi ya tsaya a bayan iyaka, yunwa ta kama mutane har suka laƙaba mata suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a 1986, a shekarar ce kuma naira ta fara gangarowar da har yau ba ta tsaya ba.

Ta biyun ita ce ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, tamma guda ta Faransa ta koma tamma ɗari maimakon hamsin. Washegari na shiga kasuwa da littafina, na tarar da kantuna da yawa a rufe, masu su na zaune a waje kan benci, ba wanda ya san farashin da zai faɗa. Wani mai shago da na saba da shi ya ce mini in ya sayar da katan na madara a farashin jiya, kuɗin ba za su sayo masa rabin katan ba gobe. Magani da sukari da shinkafar waje da kayan gyaran mota suka hau, albashi kuwa bai bi su ba, ga shi a shekarun nan ma'aikata na yin watanni ba a biya su ba. Masu dabbobi da masu wake da albasa su ne suka ɗan ji daɗi, domin kayansu sun yi wa mai saye daga waje araha. Duk farashin da aka faɗa maka na kafin 1994, ka san cewa da wata sefa aka auna shi.

Yadda nake auna wa

Abin da aikin kasuwa ya koya mini shi ne kada in kwatanta lamba da lamba. Ma'aunin da bai cika yaudara ba shi ne tiya. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhun kilo ɗari yana cin tiya arba'in, gida mai mutum goma kuma yana cin tiya biyu zuwa uku a yini. Tambayar da ta dace ita ce: yinin aiki guda tiya nawa yake saya? Bari in ba ka misali kawai. A ce wani ya gaya maka ya taɓa sayen tiya a dala goma, lebura kuma a lokacin yana samun dala ashirin a yini. Yininsa tiya biyu ke nan. In yau tiya dala ɗari da hamsin ce, lebura na samun dala ɗari uku, to lamba ta ninka sau goma sha biyar amma tukunyar lebura tana nan yadda take. Makiyayi kuma da akuya ko rago ake auna masa, a ga tiya nawa dabbarsa ke sayowa.

Sai ka tambayi wata. Hatsi a watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da kowa ke sayarwa don biyan bashi, daban yake da hatsi a Yuli da Agusta da rumbu ya yi ƙasa. A shekara guda, a kasuwa guda, na sha rubuta farashin da ya kusa ninkawa tsakanin kaka da tsakiyar damina. A 2005, wadda kai ma ka ji labarinta, buhun da aka saba saye jikka goma da 'yan kai ya kai wajen jikka talatin kafin sabon hatsi ya fito. Ɗan Adam kuwa farashin kaka yake riƙewa na shekarun ƙuruciyarsa, ya kwatanta shi da farashin damina na shekarun tsufansa.

In aka bi wannan ma'auni, ra'ayina shi ne ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da ɗan cin rani na ƙarshen shekarun 1970 sun fi takwarorinsu na yau sakewa, wannan ba na jayayya a kai. Manomin shekarun 1960 kuwa yana da ƙasa mai faɗi da sauran ƙarfi, yana iya barin gona ta huta, amma hannunsa babu kuɗi kuma lanho na bisa wuyansa. Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta a littafin farashi. Ƙyanda tana shiga unguwa da bazara ta ɗebi yara, sanƙarau na zuwa da zafi, kurkunu na kwantar da majiyi ƙarfi a tsakiyar noma, mace mai naƙuda a ƙauye sai a ɗora ta a amalanke a nufi likita. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 1992 ya nuna kusan yaro guda cikin uku ba ya kai shekara biyar. Duk wanda zai yi maganar arahar da, ya kamata ya sa wannan a kan sikeli.

Labari da nishaɗi

Labarin gari daga fada yake fitowa, mai shela ya bi unguwa-unguwa da ganga yana faɗar saƙon sarki, ko na ranar allura ko na ganin wata. Labarin nesa kuma tasha ce gidansa, domin direban da ya kwana a Kano ya fi kowa sanin abin da ake ciki, har da farashin da za a wayi gari da shi ranar Litinin ko Juma'a, ranakun babbar kasuwarmu. Wasiƙa malami ke rubuta ta da ajami, ko a kira ɗan lakwal, a ba direba ya kai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana shigowa a hannun fatake, mutum guda ya karanta goma su saurara.

Rediyo ce ta canza komai. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka ta zo a 1979. Rediyon Kaduna kuwa kamar a bayan gida take. A layinmu mutum guda ne ke da akwatin rediyo, wani tela, matarsa ta ɗinka wa akwatin riga don ƙura. Bayan sallar isha'i sai ya fito da ita ya ɗora a kan turmi, dattawa a tabarma, mu yara a tsaye daga baya, ya yi ta murɗa har muryar Landan ta fito cikin shuu. Da an gama labarai ya kashe don kada batir ya ƙare, sai a buɗe sharhi, wanda yakan fi labaran tsawo. A wannan turmi muka bi yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970, muka ji rasuwar Sardauna kafin nan a Janairun 1966, ranar da na ga manyan mutane suna hawaye. Safiyar juyin mulkin 1974 ma a nan aka taru, ana jin kiɗan soja ana kallon juna. Mutanen garin nan sun saba su ji magana a Yamai, su ji ta a Kaduna, su ji ta a Landan, sa'an nan su yanke nasu hukunci, kuma ina ganin wannan tarbiyya ce da masu karanta labari a waya suke buƙata.

Wajen nishaɗi, dandali ne na farko. In akwai farin wata 'yan mata na gaɗa, mai kalangu na kiɗa, samari na zagayawa. Da kaka mahauta su yi dambe, ƙauyuka su yi kokowa. Da azumi yara su yi tashe. Da salla a yi hawa. Kountche ya farfaɗo da samariya, kowace unguwa da filinta da sarkin samarinta, ana aikin gayya ana shirya wasan kwaikwayo da waƙa don gasar matasa ta ƙasa. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, kuma ɗan jihar nan, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara ɗaukar takobi, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. In ana gasar, gari yakan yi tsit, kowa kunnensa a rediyo, sai ka ji ihu ya tashi daga unguwa zuwa unguwa ka san namu ya kayar. Akwai silima marar rufi, irin su Vox da Ɗan Kasawa, inda ake nuna finafinan Indiya da na kaboyi da na faɗan 'yan Sin, yaran da ba su jin ko kalma guda ta Indiyanci su fito suna rera waƙar daga farko har ƙarshe, iyaye da malamai kuma suna faɗa a kai kamar yadda ake yi muku faɗa a kan waya. Da kaset ya zo, waƙoƙin Shata da Ɗan Ƙwairo da Ɗan Gurmu suka shiga kowace tasha da teburin mai shayi, 'yan cin rani kuma suka riƙa ɗaukar muryarsu a kaset su aiko gida maimakon wasiƙa. Talabijin ta ƙasa ta fara sosai a 1979, aka ajiye akwatuna a filayen samariya, mutum ɗari su zauna gaban guda su kalli wasan su Yazi Dogo.

Abin da na faɗa maka gani ne na namiji ɗan birni, wanda ya yi lakwal kuma ya ci albashi. Mutumin ƙauyen Mayahi, ko Bafillatanin da ya rasa shanunsa a 1973, ko matar da ta yi shekara talatin tana tashi daka tun kafin kiran salla tana jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin, kowannensu zai ba ka wani lissafi, kuma nasa ba zai gaza nawa gaskiya ba. Don haka ka koma wurin kakanka da littafi. In ya ambaci farashi, ka tambaye shi wa ke mulki a lokacin, kafin fari ne ko bayansa, da kaka ne ko da damina, nawa yake samu a yini, nawa ya biya lanho. Tsofaffi ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma suna riƙe da abin da ya faru a cikinta, da wannan za ka gano ta. In kakarka na da rai, ka same ta ita kaɗai ka tambaye ta wannan shekarar dai. Na taɓa yi wa iyayena haka game da wata shekara a tsakiyar zamanin gujiya. Mahaifina ya ce ai ita ce shekarar da ciniki ya yi kyau har ya sayi keke sabo fil a kanti ya tuƙo shi gida yara na bin sa. Mahaifiyata ta yi shiru, sa'an nan ta ce ita ce shekarar da ƙyanda ta ɗauke mata ƙanena, yana da shekara biyu.